Ƙwayar Hawan Jini: Daga Ina Ta Fito, Me Take Yi a Jiki?



A yau in kika ratsa unguwannin Gusau, ko Sabon Gari ne, ko Tudun Wada, ko Samaru, da wuya ki sami zuri'ar da babu mai hawan jini a cikinta. In ba maigida ba ne to surukuwa ce, in ba ita ba ce to Inna ce, ko kuwa ke kanki. Haka abin yake a Tsafe, haka yake a Bunguɗu. Kuma ko wane ne ya kamu, hidimar a kan mace take faɗowa. Ita ce mai zuba gishiri a miya, ita ce mai ajiyar magani cikin kwalla ko ƙarƙashin filo, ita ce mai cewa "Malam, ka sha maganinka kuwa?" Ranar da aka faɗi kuma, Allah ya kiyaye, ita ce mai jinya.

Sai dai akwai wata fahimta da ta zauna mana a kai, wadda littattafan soyayya da finafinai suka ƙara mata gindin zama. Alhaji ya ji mugun labari, ya dafe ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne, a daina ɓata masa rai. Aka yi masa abin da yake so, ya miƙe garau, shi ke nan. Wannan ya sa da yawanmu muke ɗaukar hawan jini kamar ɓacin rai, ya zo yau ya wuce gobe, muke kuma shan ƙwayarsa kamar Panadol, sai ranar da kai ya sara. To 'yar'uwa, ƙwayar nan ba haka aka yi ta ba. Ba ta kashe ciwon, riƙe shi take yi, kamar yadda igiya ke riƙe akuya. Ranar da aka kwance igiyar, akuya ta koma ɓarna. In kika ji tarihin yadda aka same ta, da irin aikin da take yi, za ki gane dalili.

MENE NE HAWAN JININ?

Ɗauki zuciya a matsayin injin ban ruwa irin na masu noman rani, jijiyoyin jini kuma su ne tiyo. Jinin jikin babban mutum ya kai kamar lita 5, zuciya kuwa tana bugawa wajen sau 70 a minti ɗaya, dare da rana, ba hutu. Duk bugu ɗaya sai ta tunkuɗa jini cikin jijiyoyi da ƙarfi. Wannan ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiya shi ake aunawa. Lambar sama ita ce ƙarfin a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. In aka ce miki 120 bisa 80, to lafiya lau. In kuwa awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban-daban, to hawan jini ya samu.

Me ke sa ruwa ya yi ƙarfi a tiyo? Ko dai ruwan ya yi yawa, ko tiyon ya tsuke, ko injin yana gudu fiye da ƙima. Ki riƙe waɗannan ukun, domin duk maganin hawan jini da za ki gani a kemis ɗayansu yake gyarawa.

Ɓarnar ciwon kuwa a ɓoye yake yin ta, kamar gara a azara. Mutum na iya shekara goma yana yawo da shi bai taɓa jin ko ciwon kai ba, alhali zuciya na kumbura, ƙoda na lalacewa, jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa na yin rauni. Rana ɗaya sai jijiya ta fashe ko ta toshe, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, mu kuma mu ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa.

YADDA AKA FARA AWO

Ciwon da ba ya nuna alama, ba a san da shi ba sai da aka sami abin auna shi. A shekarar 1628 wani likita a Ingila mai suna William Harvey ya bayyana cewa jini zagayawa yake yi, zuciya ce ke tura shi. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1733, wani limamin coci a can Ingila, Stephen Hales, ya buga labarin gwajin da ya yi. Ya kayar da wata goɗiya, ya huda jijiyarta, ya haɗa da dogon bututun gilashi. Jini ya haura cikin bututun har sama da ƙafa 8, yana hawa yana sauka tare da bugun zuciya. Wannan shi ne awon jini na farko, amma kin ga ai ba a yi wa ɗan Adam haka ba.

A 1896 wani likitan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya ƙirƙiro robar nan da ake ɗaurawa a dantse ana hura mata iska. A 1905 kuma wani likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya gano cewa in aka ɗora abin sauraren ƙirji a gwiwar hannu ana sassauta iskar, za a ji ƙarar jini ta fara, sannan ta ɗauke. Inda ta fara shi ne lambar sama, inda ta ɗauke shi ne lambar ƙasa. Wannan dabarar ce malamar asibiti ke yi miki har yau ranar awon ciki, sai dai yanzu an sami na batir mai nuna lamba da kansa.

ZAMANIN DA BABU MAGANI

An sami abin awo, amma magani shiru. Har ma wasu manyan likitoci na shekarun 1930 suna ganin bai kamata a taɓa hawan jini ba. A ganinsu dabara ce ta jiki don tura jini cikin jijiyoyin da tsufa ya ƙuntata, in aka saukar da shi sai a yi ɓarna.

Ji abin da ya sami Franklin Roosevelt, shugaban Amurka a lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Mutum ne da ke da likitoci na kansa, dukiyar ƙasa guda na bayansa. Jininsa ya yi ta hawa shekara da shekaru, abin da suka iya yi masa bai wuce rage gishiri da rage taba da hutu da maganin ƙarfafa zuciya ba. Ranar 12 ga Afrilu, 1945, ya ce kansa na matsanancin ciwo, ya faɗi. Da aka auna sai aka sami 300 bisa 190. Jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ya rasu a ranar yana da shekara 63. Ƙwayar da yau ake sayarwa a ɗan shagon kemis na bakin tashar Tsafe, da shugaban Amurka ya same ta a lokacin, da ya saye ta da ko nawa ne.

A wancan zamani hanyoyi biyu aka fi dogara da su, kuma duk masu wuya ne. Ta farko tiyata ce, a yanke wasu jijiyoyin saƙo da ke gefen ƙashin baya, waɗanda ke umartar jijiyoyin jini su tsuke. Ta biyu ita ce ta wani likita a Amurka, Walter Kempner, wanda tun daga 1939 yake ɗora marasa lafiya a kan farar shinkafa da 'ya'yan itatuwa da sukari, kusan babu gishiri sam, wata da watanni. Jinin da yawansu ya sauka, abin da ya tabbatar da cewa gishiri na da hannu dumu-dumu. Amma fa wa zai iya rayuwa a kan gayan shinkafa?

SAIWA DAGA INDIYA

Hasken farko daga maganin gargajiya ya fito. Masu magani a Indiya sun daɗe suna amfani da saiwar wani tsiro da suke kira sarpagandha, don ciwon hauka da rashin barci da saran maciji. A 1949 wani likita a birnin Bombay, Rustom Jal Vakil, ya buga sakamakon gwada ta a kan masu hawan jini 50, ya nuna tana saukar da shi. A 1952 masana a Suwizalan suka tace sinadarin da ke aikin, suka sa masa suna risafin. Daga baya aka gano ɗan'uwan wannan tsiro a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka riƙa fitar da saiwarsa zuwa Turai don yin maganin.

Risafin na rage saƙon da jijiyoyi ke aikawa na cewa "a tsuke, a yi sauri", sai zuciya ta lafa, hanyoyin jini su saki. Tsofaffinmu da suka sha Brinerdin sun sha shi, domin yana cikin haɗin. Matsalarsa ita ce toshewar hanci da kasala, wasu ma har ya jefa su cikin baƙin ciki marar dalili, shi ya sa aka ja baya da shi. Abin lura a nan, saiwa ba ta zama abin dogaro ba sai da aka tace ta, aka auna, aka san adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa.

MAI RAGE RUWA

A 1958 aka fara sayar da wata ƙwaya a Amurka mai suna kulorotayazid, kuma ita ce ta juya tarihin ciwon nan. Aikinta a ƙoda yake. Kin san halin gishiri, duk inda yake sai ya jawo ruwa, dubi yadda yake jiƙewa da damina. Haka yake a jiki, in ya taru sai ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru, tiyo ya cika. Wannan ƙwaya tana sa ƙoda ta zubar da gishirin cikin fitsari, ruwa ya bi shi, sannan a hankali jijiyoyi su sassauta. Moduretic da aka sani a kemis ɗinmu daga wannan dangi yake. Da safe ake shan irinsa, don kada fitsari ya hana mutum barci.

Duk da haka masu shakka ba su daina ba, sai da wani likita, Edward Freis, ya jagoranci gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Aka ɗauki maza 143 masu hawan jini mai tsanani, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su magani na gaske, ɗayan aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. A rahoton 1967, mutum 27 cikin waɗanda ba su sami magani ba sun gamu da mummunar matsala, huɗu ma sun mutu. Cikin masu shan magani kuwa mutum 2 ne kacal suka sami matsala, babu wanda ya mutu. Tilas aka tsayar da gwajin aka ba kowa magani. Gani ya kori ji. Ki lura, waɗannan mutane kullum suke shan maganin, ko suna jin ciwo ko ba sa ji.

MAI LALLASHIN ZUCIYA

In kika tsorata, ko kika ji sallamar da ba ki zata ba, kina jin gabanki na dukan uku-uku. Wani sinadari ne mai suna adirenalin ke zaburar da zuciya. Wani masani ɗan Sikotlan, James Black, ya yi tunanin toshe ƙofar da wannan sinadari ke shiga zuciya, ya samar da furofranolol a 1964. Don ciwon ƙirji aka yi shi, sai aka ga yana saukar da hawan jini. An ba Black kyautar Nobel a 1988. Atenolol ƙanensa ne. Wannan dangi na rage gudun injin. Mai ciwon asma ya sanar da likita kafin a ba shi, kuma ba a daina shi farat ɗaya, domin zuciya na iya zabura fiye da da.

Shekaru kaɗan kafin nan, a 1960, an fito da metildofa, wanda muka fi sani da Aldomet. Shi a ƙwaƙwalwa yake aiki, yana rage umarnin tsukewa tun daga tushe. Yana kawo barci da mutuwar jiki, amma yana da wata daraja da ta sa har gobe ba a yar da shi ba, za mu zo kanta.

MAI BUƊE HANYA

Bangon jijiyar jini nama ne mai motsi, kuma ba ya tsukewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinsa. Masana a Jamus suka samo maganin da ke tare wannan shiga, aka fara sayar da nifedifin a 1975 da sunan Adalat. A 1990 aka sami amlodifin, wanda ƙwaya ɗaya ke aiki yini da kwana. Da jijiya ta saki, tiyo ya faɗaɗa, ƙarfin jini ya ragu. Wasu yana kumbura musu idon sawu, wasu ya sa musu ɗan ciwon kai a kwanakin farko. In haka ta faru, likita ake komawa ya rage ko ya canza.

DAGA DAFIN MACIJI

A ƙasar Barazil akwai wani maciji mai suna jararaka, dangin kububuwa da kasa. In ya sari mutum, ƙarfin jininsa kan faɗi ƙasa warwas. A 1965 wani masani ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, ya ware abin da ke haddasa haka a cikin dafin. Aka gano yana tare wata hanya ce da ƙoda ke bi. Ƙoda in ta ga kamar jini ya yi mata kaɗan, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya haifar da wani da ke matse jijiyoyi ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri. Wasu masana biyu a Amurka, Miguel Ondetti da David Cushman, suka kwaikwayi dafin suka haɗa kaftofiril a 1975, aka amince da shi a 1981. Lisinofiril da ake yawan rubutawa yanzu daga nan ya fito. Duba kwalin, duk sunan da ya ƙare da "pril" ɗan gidan ne. Suna kare ƙodar mai ciwon sukari, sai dai wasu suna samun busasshen tari da ba ya jin maganin tari. Irin waɗannan akan mayar da su kan losatan, wanda ya fito a 1995, ko 'yan'uwansa masu ƙarewa da "sartan". Wanda kuwa leɓe ko harshe ya kumbura masa bayan ya sha, asibiti zai nufa nan take.

TO MU FA A NAN?

Akwai lokacin da Turawa suka ɗauka baƙar fatar Afirka ba ya hawan jini. A 1929 wani likita, Donnison, ya auna mutane 1,000 a karkarar Kenya, ya ba da rahoton cewa jininsu ba ya hawa ko da sun manyanta. Amma da Farfesa Oladipo Akinkugbe na asibitin koyarwa na Ibadan ya bi birni da ƙauye yana awo a shekarun 1960, sai ya tarar ciwon na nan jingim, har ya rubuta littafi a kai a 1972. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi daga 1990 zuwa 1992 ya sami kusan mutum 11 cikin 100 na manyan Nijeriya da ciwon, kuma a lokacin sai awo ya kai 160 bisa 95 ake ƙirga mutum. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babban mutum ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba.

Dubi yadda rayuwarmu ta sauya. A zamanin kakanninmu gishiri abin tattali ne, ayarin raƙuman Abzinawa ke ɗauko kantunsa tun daga Bilma, a saya a gutsura kaɗan-kaɗan, daddawa ce ke ɗauke nauyin miya. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ɗebo ruwa. Da layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, kayan kanti suka shigo. Sannu a hankali gishiri ya yi araha, dunƙulen ɗanɗano ya shiga kowace tukunya, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa. Sauƙi ne, mun gode, amma ruwa ba ya tsami banza.

Wani abin sani kuma, magungunan nan ba sa aiki iri ɗaya ga kowa. Yawancin baƙaƙen fata jikinsu ya fi riƙe gishiri, renin ɗinsu kuma ba shi da yawa, don haka mai buɗe hanya da mai rage ruwa sun fi yi musu aiki a kan a ba su lisinofiril ko atenolol shi kaɗai. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da mutum 728, har da Farfesa Mahmoud Sani na Kano cikin masu aikin. An gwada haɗin magani bibbiyu kala uku, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini. Saboda haka in likita ya rubuta wa maigida kala biyu ko uku, kada hankalinki ya tashi ki ce ciwo ya yi tsanani. Kowace ƙwaya ƙofarta daban take tsarewa, kuma yawancin masu ciwon ɗaya ba ta isarsu. Haka nan kada ki ɗauki na maƙwabciya ki sha don kin ga ya karɓe ta.

MAI CIKI DA MAI JEGO

Nan ne maganar ta fi shafarmu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai hawan jinin da ciki ke kawowa bayan wata biyar, musamman cikin fari. Alamunsa su ne kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In aka yi sake sai ya kai ga jijjiga, uwa da ɗa duk su shiga hatsari. A gida sai a ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi, lokaci na ƙurewa.

Darajar Aldomet da na ambata ita ce ba ya cutar da ɗan tayi, shi da nifedifin da labetalol su ake ba mai ciki. Amma masu ƙarewa da "pril" da "sartan" haramiyar mai ciki ne, suna lalata ƙodar jariri. Duk matar da ke shan su, in tana neman haihuwa ko ta ga wata ya wuce, ta gaya wa likita da wuri a canza mata.

Don tare jijjigar kuma akwai allurar magniziyam salfet. Wani babban gwaji da aka buga a 2002 ya nuna tana rage aukuwarta da fiye da rabi. Da aka shigar da ita asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mutuwar matan da ke zuwa da wannan ciwo ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya sa mace ta daina wasa da ranar awo.

Sai batun jego. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa jiki a kumbure, suna haki, zuciya ta gaza. Suka bi mata fiye da 200, suka buga rahoto a 1978. Sun danganta abin da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa har a yi arba'in. Da yawa cikin matan an same su jininsu ya hau, wasu kuma hawan jinin ya zauna musu daga baya. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ramar uwa da hawan jinin ciki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Amma abu ɗaya bai canza ba, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikinta fal. Wadda jininta ya hau da ciki, a yi wa Inna da gwaggo bayani cikin ladabi, a ɗauke mata kunun kanwa, a dama mata na gyaɗa ko na tsamiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, yanzu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, da asibitin mata da yara na Sarki Fahad. Tsafe da Bunguɗu kowanne na da babban asibiti, Tsafe ma har da kwalejin koyon aikin lafiya. Abin awo da Roosevelt ya samu, mu ma mun samu. Maganin da bai samu ba kuma ga shi a hannunmu. Saura amfani da shi yadda ya dace.

Ki auna jininki ko kina jin garau, ki sa maigida ya auna. Wanda aka ɗora a kan magani ya sha kullum a lokaci ɗaya, ki haɗa masa shi da abin da ba a mantawa, kamar karin kumallo. In an auna an ga ya sauka, aikin ƙwayar ne ya nuna, ba a dainawa sai da izinin likita. Da azumi ma a tambaye shi yadda za a mayar da shan zuwa sahur ko buɗa-baki. Da yake rashin tsaro ya sa hanya ba kullum take biyuwa ba, musamman ga na ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, a riƙa sayen na gaba tun saura na mako guda. In kuɗi ne suka yi wuya, a faɗa wa likita gaskiya, akwai masu araha da ke aiki daidai da masu tsada. A saya a kemis na ƙwarai, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na talla da rana ta gasa.

A tukunya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yajin tsire. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshen gidan zai saba. Zoɓo marar sukari bincike ya nuna yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

'Yammata, ku ma da ku ake. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke hawar da jini. Haka yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Mai son ƙwayar tazarar haihuwa ma a fara auna ta tukuna, domin wasu nau'o'in ba su dace da mai hawan jini ba.

Ɓacin rai na iya tayar da jini na ɗan lokaci, gaskiya ne, kuma zaman lafiya a gida alheri ne ga kowa. Amma ko kishiya ta fita, ko an biya bashi, ko yaro ya shiryu, mai hawan jini na nan da abinsa. Daga goɗiyar Hales zuwa ƙwayar da ke cikin kwallarki an yi fiye da shekara 200 ana nema, rayuka da yawa sun salwanta kafin a kai ga samunta. Kada mu bari ta lalace a ƙarƙashin filo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, amin.